Atishawar da Ta Kusa Raba Ni da Tatsuniyar Iya

Ina ɗan shekara bakwai a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da an idar da sallar Magariba sai mu yara mu kewaye kakata, Iya, a ƙofar ɗakinta. Kaskon wuta na gabanta, tana barbaɗa masa turaren da wata aminiyarta Babarbariya ke aiko mata. Ba ta fara tatsuniya sai ƙamshi ya tashi.

Ni kuwa da na zauna sai atishawa, goma a jere, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi. Kowa a gidan ya ce mura ce. Mura kuma sanyi ke kawo ta, don haka sai a matsar da ni kusa da kasko. Ana matsar da ni, abin yana ƙaruwa. Daga ƙarshe mahaifiyata ta yanke hukunci: daga gobe, da an yi salla ɗaki zan shige, ba ni ba zaman waje.

"Ki bar mini mijina kwana uku," in ji Iya. "Wace irin mura ce babu zazzaɓi, kuma ba ta zuwa sai da magariba, kamar baƙon da ya san lokacin tuwo?"

A ranar ta ba mu labarin wata bushiya da duk lokacin da ta shiga raminta sai ta kama atishawa. Ta ce iska ce, ta toshe ƙofa, abin ya ƙaru. Ta ce sammu ne, ta yi gaba da maƙwabta. Sai kurciya ta ce mata, "Fitar da kayanki ɗaya-ɗaya, kullum guda, ki kwana ki gani." Ta fitar da tabarma, ba sauƙi. Ta fitar da ƙwarya, ba sauƙi. Saura wani busasshen fure da ta fi so cikin kayanta.

Nan Iya ta datse labarin.

"Sai me ya faru, Iya?" na tambaya.

"Goge hancinka tukuna, maigida. Labarin bai nuna ba."

Washegari ta sa aka kulle kyanwar gidan. Na yi atishawata. Rana ta biyu ta canza bargon da nake lulluɓa da shi, duk ɗaya. Rana ta uku ta hura gawayi ya yi ja, ba ta zuba turare ba. Har aka kira Isha'i ban yi atishawa ko ɗaya ba. Iya ta daɗe tana kallon gwangwanin turarenta, sannan ta ce, "Bushiya ta fitar da furen." Ta juya ga mahaifiyata: "Ki bar shi ya zauna."

Ba ta sake kunna turare da yamma ba.

Ciwon ya bi ni har girma. Na kai shi gun likita a Khartoum, inda suke ce masa hassasiyya, wato jiki na faɗa da abin da ba ya damun wasu. Na kai shi Abidjan. An koya mini wanke hanci da ruwan gishiri, an ba ni ƙwaya da maganin feshi, kuma suna taimakawa. Amma kowane likita da tambayar kurciya yake farawa: me ke kusa da kai in abin ya taso?

Na tambayi tsofaffi a ƙasashe da dama, ban sami wanda ya san labarin bushiyar nan ba. Yanzu da nake zaune a Tarauni, na tsufa, ina zaton a ranar Iya ta ƙaga shi. Ina kuma zaton tun farko ta zargi turarenta. Kwana biyun da ta ɓata kan kyanwa da bargo, kanta take lallashi.