Juma'ar da Muka Kashe Gajimare

Damina ta yi nisa lokacin da ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Haɗejiya ta ɗora mini aikin saƙon gargaɗi: idan kogi ya ɓalle can sama, wayar kowane manomi a fadamar Auyo ta yi ƙara. Na yi hayar kwamfutoci a intanet, irin waɗanda ido ba ya gani, ake ce musu gajimare. Na haɗa su da wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Sabon shiga ne ni, lalube kawai nake yi cikin bayanin da 'yan sa-kai suka rubuta.

Ofishinmu yana da doka tun ranar da wutar lantarki ta ƙona mana firji: kafin a tafi masallacin Juma'a, a kashe komai. Na yi wa shugabanmu bayani cewa waɗannan injinan ba a garin nan suke ba, wutarmu ba ta kai musu. Dattijo ne mai kafiya. Ya tsaya a kaina riƙe da darduma har sai da na kashe su. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina ni ina musu da sa'an ubana?

Muna fitowa daga masallaci labari ya zo, kogi ya ɓalle, ruwa na tafe. Na kunna injinan, duk suka tashi, amma babu mai jin ɗan'uwansa. Hanyar da na shimfiɗa tsakaninsu ta goge, ashe manhajar ba ta riƙe ta sai an umarce ta. Kawuna kuwa yana can fadama, ya yanke shinkafa ya tara a gona, abincin gidansa na shekara ke nan. Kira ba ya shiga wajen, saƙo kaɗai ke lallaɓawa.

Tsoro ya kama ni. Shugaba na tsaye a bayana yana jan carbi. Na dinga sake gina hanyar, ina rubuta umarni layi bayan layi, ina kuskure ina gogewa. Saƙon bai fita ba sai bayan la'asar.

Washegari kawu ya shigo gidanmu, taɓo ya bushe masa har gwiwa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna, muka gaisa, sannan ya ciro wayarsa ya nuna mini.

"Ɗan nan, saƙonka ya iso," ya ce. "Ina cikin ruwa iya ƙugu na karanta shi."