Zumar Bakoji Babu Sunan Bakoji

Shekara ashirin Bakoji yana ɗaura amya a bishiyoyin dajin Kuyello, a ƙasar Birnin Gwari. Da tsoron hanya ya hana masu saye zuwa, ƙanwarsa Raudatu, malamar makaranta, ta buɗe masa shafi a intanet. A can ya bayyana yadda yake gane zumar gaskiya: a ɗiga ta kan rairayi, in ta tsaya a dunƙule, ba a zuba mata sukari ba. Mutanen Kaduna suka riƙa kira, yana aika musu a motar haya.

Bara kira ya ɗauke. Raudatu ta tambayi manhajar nan ta AI da kowa ke tambaya yanzu, ina ake samun zuma mai kyau. Ta karanto masa amsar. Gwajin rairayinsa ne sak, amma babu sunansa, babu lambarsa. Aka jero shaguna uku na Abuja. Birnin Gwari kuwa, cewa kawai aka yi a guji hanyar.

Bakoji ya dubi hannayensa da ƙudan zuma suka kumbura.

"Harbin dai shi aka bar mini," in ji shi.