Hamur a Ramin Murjani

Mun bar Ƙofar Kibo ta birnin Zazzau da asuba, ladan bai gama kiran farko ba. Matan unguwa suka rako ni bakin mota, ni kuwa na daki ƙirji a gabansu na ce in na sauke farali ba zan dawo ba sai da ƙanena. Autanmu ne. Ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa tun gemu bai fito masa ba, shekara arba'in ke nan, sai dai wasiƙa jefi-jefi.

Hanyar Kano lafiya lau, in ban da direban da ke gudu kamar an aike shi ɗebo wuta. Jirgin sama kuwa ko gezau ban yi ba, har ina yi wa abokan tafiyata dariya. Ashe nawa tsoron yana gaba.

Da aka gama aikin Hajji ƙanen nawa ya zo Jidda ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu, can kudu a bakin teku. Titi sumul kamar daɓen ɗaki, amma babu ko bishiyar da akuya za ta fake. Na same shi ya yi furfura, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Sana'arsa su. Ɗan malaman Zazzau, wai masunci! Matarsa ta kawo shinkafa da wani farin kifi mai tsoka. Ni da na shekara talatin ina suyar kifin kogin Galma, na san tarwaɗa, na san ragon ruwa, wannan ban san shi ba. Ya ce sunansa hamur. Na ci, na wanke hannu, na ce ya haɗa kayansa mu tafi gida. Ya ce, "Yaya, bi ni gobe ki ga gonata tukuna."

Ashe teku ce gonar. Girman kai ne ya shigar da ni kwalekwalensa. Muna nisa da gaɓa na ƙanƙame gefen kwalekwalen. Jama'a, Galma a gaban wannan ruwa, ruwan alwala ce. Ya miƙo mini bokiti mai gindin gilashi ya ce in dafa shi a kan ruwa in leƙa. Innalillahi! Gari ne guda a ƙasa: duwatsu masu rassa, ja da ɗorawa, lungu-lungu da zauruka kamar cikin birninmu. Ya ce dangin murjanin da ke wuyana ne.

Kowane rami da hamur mai shi. Wani ja ne da ɗigon shuɗi, wani dabbare-dabbare kamar damisa, wani kuma ya kai ɗan maraƙi, leɓe a zube kamar tsohon da aka ɓata wa rai. Ba sa yawo. Suna nan a ƙofa kamar mai gida a zaure. Ƙaramin kifi ya gitta, baki ya buɗe, shi ke nan labarinsa.

Ƙanena ya jefa ƙugiya. Ba a jima ba igiya ta miƙe, ta tsaya cak. Wani hamur ya haɗiya, ya koma rami, ya kumbura kumatu ya tokare dutse. Na ce, "Ja mana, ragon banza!" Na fizge igiyar na ja da ƙarfina, sai ta sarƙe a reshen murjani.

 Ya tuɓe riga ya faɗa ruwan.

Ni kaɗai a kwalekwale, ban iya iyo ba. Na leƙa bokitin, na hango furfurar kansa dab da ramin wannan ƙaton. Ƙaton ya juyo da ido. Na kama Ƙulhuwallahu, bakina ya kasa kai ta ƙarshe. Na ce shi ke nan, na zo ɗaukar ɗan uwana na kashe shi da hannuna.

Can sai ga shi ya ɓullo yana haki, dutse ya kwarzane masa hannu, jini na bin gwiwar hannunsa. Igiyar kawai ya warware. Ya sassauta ta, ya zauna ya zuba mana shayi. Da kifin ya ji an daina jansa, da kansa ya fito.

"Hamur ba a fitar da shi da ƙarfi, Yaya," in ji shi. "In aka ja, igiya ce ke tsinkewa." Yana faɗa yana kallona, ba kifin ba.

Ban sake yi masa maganar gida ba. Amma ranar da zan taho, ya miƙo mini ƙunshin babbar rigarsa ya ce a ajiye masa a ɗakin Baba.

Na sauka Ƙofar Kibo ni kaɗai. Matan suka ce, "Hajiya, ina ƙanin?" Na ce na sassauta igiya. Na sa an yaɓe ɗakin, na rataye rigar. Na koyi haƙuri da tsufana, amma har yau in na yi sujada sai in ji ƙasa tana lilo da ni. Tsorona ɗaya ne: kada teku ta riga ni ɗaukarsa.