Yatsu Uku a Jikin Ganuwa

A watan nan Baba ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara Umma takan dafa shinkafa a raba wa maƙwabta a unguwarmu ta Bani Malik, nan Jidda, a yi masa addu'a, a watse. Bana ban zauna ba. Na sayi tikiti, na shiga motar 'yan yawon buɗe ido, na tafi tsohuwar ganuwar soja da ke bakin Bahar Maliya, wadda mutanen nan suke kira ƙal'a. Na riƙe waya ina ɗaukar hoto kamar kowa, amma ba kallo ya kai ni ba.

Baba magini ne, haifaffen Jidda, jikan waɗanda suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Aikinsa dutsen teku, farin dutsen nan mai ramuka da aka gina tsohon gari da shi. Kafin ya ɗora ko ɗaya sai an jiƙa shi a ruwan daɗi, an shanya, sannan ya ɗauka ya lasa. In harshensa ya ji gishiri, dutsen ya koma cikin ruwa ke nan, ko wa yake jira. Ba ya yarda siminti ya kusanci aikinsa, farar ƙasa kawai. Yakan ce siminti toshe wa dutse numfashi yake yi, gishiri ya rasa hanyar fita, ya cinye shi ta ciki. A Karantina, tsohuwar unguwarmu, Mai-lasar-dutse ake ce masa, yana dariya yana amsawa. In ya gama bango, sai ya ja yatsu uku a ɗanyen shafe. Na ukun a karkace yake fitowa, don dutse ya taɓa karya masa shi.

Akwai mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana koyon aiki a hannunsa. A faranti ɗaya suke cin abinci a gidanmu, Kawu nake ce masa. Ba zan rubuta sunansa ba, kuma ba raga masa na yi ba. So nake ya ɗanɗana yadda ake ba da labarin mutum ba suna.

Da aka ba Baba gyaran ganuwar, shi ya ɗauki bangon arewa, ya bar wa Kawu na gefen teku. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, masu aikin kuma suna gaggawa. Kawu ya ɗora dutsen da ba a wanke ba, ya cika shi da siminti, ya shafe fuskar da farar ƙasa don ido. Bayan shekara wani sashe ya rufto, ya danne ƙafar maigadi, wani dattijo mutumin Chadi. Kafin la'asar an kwashe ɓaraguzan, ba wanda ya ga simintin. Da aka zo tambaya, Kawu ya rantse cewa tsohon yayin Baba ne ya ja, wai ya sha gargaɗinsa ya ƙi ji. Kafilin Baba, Balaraben da takardun aikinsa suke hannunsa, ya janye shi daga aiki, aka miƙa wa Kawu sake ginin. Baba ya yi shekara biyu zaune a ƙofar gida, ba mai kiransa ko toshe tsaga. Har yara sun daina ce masa Mai-lasar-dutse, sai mai kayar da bango. Da wannan sunan aka kai shi kabari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Karantina da ya sani an rushe ta, ƙofar da ya zauna ta zama fili. Ganuwar kuwa ta yi fes. An sa fitilu, an kewaye igwogin da sarƙa, ga shagon gahawa a inda sojoji suke kwana a da. Na tsaya a sama ina kallon ruwa, shuɗi har iyakar gani, ina tunanin waɗanda suka tsufa a nan suna jiran jirgin abokan gaba. Ni ba jira na zo yi ba, nawa abokin gabar yana cikin ganuwar. Ina jin Baba ba zai kula da fitilun ba. Bango zai nufa, ya ɗora tafin hannu.

Haka na yi. Bangon arewa sanyi gare shi, sumul, ba ko tsaga. A ƙarƙashin tagar igwa ta biyu na same su, layi uku, na ukun a karkace. Na gefen teku kuwa an ɗaure masa igiya an rataya allo, wai ana gyara. Shafensa ya kumbura ya ɓare, gishiri ya yi fari a jikinsa kamar hurhura, siminti na leƙowa ta ƙasa.

Na san zan tarar da Kawu, don labari ya zo mana cewa shi ne yanzu mai zagayawa da baƙi. Ga shi cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba, yana gaya wa mutane cewa shi ya farfaɗo da ginin gargajiya a nan, da hannunsa. Sai ya gan ni.

"Ya binti, 'yata, Safiya ce? Masha Allah, kin girma! Yaya Hajiya Ummanki?"

"Tana nan inda ka bar ta, Kawu."

Ni ba mai magana cikin taro ba ce. Ko a makaranta, in na rubuta waƙa wata nake ba ta karanta. Ranar kuwa muryata ta fito sarai, da Larabci, don kowa ya ji. Na tambaye shi yadda maginan zamanin da suke gane dutse ya isa gini. Ya ce lasa suke yi. Mutane suka yi dariya, aka ɗaga wayoyi. Na ce ya gwada mana. Ya sunkuya ya taɓa harshe a bangon arewa, ya miƙe yana murmushi, ya ce kun gani, babu gishiri ko kaɗan.

A cikinmu akwai wata Hajiya mutumiyar Damagaram mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka. Ba ta san ni ba, ba ta san komai ba. Ta nuna bangon igiya da sandarta.

"To Alhaji, lasa mana wancan ma. Ko shi ba hannunka ba ne?"

"Halas, a bar shi, Hajiya, wancan ana gyara. Yalla, mu wuce wajen igwogi."

Ban matsa ba. Na nuna layukan uku, na ce tunda shi ya gina wannan, ya sa yatsunsa a ciki mu ɗauke shi hoto. Ya matso kusa da ni, ya koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Don Allah, 'yar yayana, ki rufa mini asiri. Da 'ya'ya nake."

"Shi ma da 'ya'ya yake, Kawu. Ga ɗaya a gabanka."

Mutane suna jira. Ya ɗora hannu. Yatsu biyu suka zauna, na ukun ya tsaya miƙe a kan shafe, layin ya karkace ya bar shi. Hajiyar ta leƙa, ta ce, "Af! Wannan ai ba hannunka ba ne, Alhaji. Na wa ne?" Ya faɗi sunan Baba kamar mai haɗiyar magani. Na ce ban ji ba, iskar teku ta yi yawa. Ya sake faɗa, har na bayan layi suka ji. Sannan na tambaye shi wa ya gina wanda aka ɗaure wa igiya, ginin farko da na biyu. Ya janye hannunsa daga bangon. Ba wanda ya ƙara yin dariya.

Da na dawo na ba Umma labari. Can ta ce, "To, kin huce?" Na ce a'a. Ta ce Baba ya yafe masa tun kafin ya rasu. Na sani, ina wurin. Wannan nasa haƙƙin ne ya yafe. Nawa dabam ne, shekara biyun da na yi ina kai masa shayi a ƙofar gida, ina ganin hannuwansa a kan gwiwa ba abin yi. Na dattijon Chadi ma dabam, wanda har yau da sanda yake zuwa masallaci. Waɗannan ba na Baba ba ne balle ya bayar.

Ba na yi wa Kawu fatan mutuwa. Tsawon rai nake roƙa masa, da ƙarfin ido. Ya riƙa wucewa ta gaban bangonsa kowace safiya yana ganin gishirin na ƙaruwa. Ranar da bangon zai faɗi, Allah ya sa ba kowa a ƙarƙashinsa, ya sa rana tsaka ne, Kawu yana tsaye da baƙi, kuma kada a kwashe ɓaraguzan kafin la'asar.

Baba bai bar mana gida ba, wanda ya bari an rushe. Kayan aikinsa, cokalin gini ɗaya ya rage, Umma na tona tukunyar na'ana'a da shi. Abin da ya saura shi ne bango guda da iskar gishiri take duka dare da rana ba ta samu ƙofa ba, da layi uku a tsayin ƙirjin mutum. Allon da ke bakin ƙofa bai ambace shi ba. Idan kun je, ku wuce allon, ku nemi tagar igwa ta biyu a arewa, ku sa yatsunku. Na ukun ba zai zauna ba. Mai shi sunansa Mu'allim Haruna, Mai-lasar-dutse, kuma bai taɓa kayar da bango ba. Allah ya jiƙansa.