Halidu Mai Teku da Shaidarsa

A Galma, idan yaro ya fara ɗaga kafaɗa, wurin Kawu Halidu ake tura shi. Manomin albasa ne, ba malami ba, amma yana da abin da liman ba shi da shi: ya taɓa ganin teku.

Yana saurayi ya bi kamiyon albasa, babbar motar kaya, zuwa Abijan tare da abokinsa Bakari. Bakari ya zauna can, shi kuwa ya dawo da labari. Ya ce ya tayar da sallar la'asar a kan rairayi, ruwa ya taso kamar tudu, ya kai masa gwiwa, bai motsa ba har ya sallame. A nan ya san ɗan Adam ba komai ba ne a gaban Ubangiji.

"Duk ƙasar nan babu wanda ya san ƙanƙantar kanshi kamar ni," in ji shi. Wanda ya yi masa gardama sai ya tambaye shi, "Kai ka ga teku?" Shi ke nan magana ta ƙare.

Da na dawo daga karatu a waje, na yi kuskuren cewa ni ma na gani. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Kallo ka yi, ɗana. Ba ka gani ba."

Matarsa, Inna Zaliha, ita ta gaya mini sauran muna ɓarar gyaɗa. Ruwan ko idon sawunsa bai rufe ba ya yanke salla ya sheƙa, ya bar takalmansa, Bakari na birgima don dariya. Ya faɗa mata suna sabon aure, lokacin bai san labarin zai yi daraja ba.

Bana aka ji Bakari zai dawo gida, tsufa ya kama shi. Kawu Halidu ya rame. Kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, duk yaran da aka taɓa tura masa za su zo ɗaukar fansa. Ranar isowar ya aika da zabuwa biyu da ƙwaryar fura, ya kuma tare shi tun bakin hanya.

Da yamma aka cika ƙofar gidan. Altine mai shayi, wanda ya sha wa'azin tekun fiye da kowa, bai jira an gama gaisuwa ba.

"Baba Bakari, kai ne shaida. Ranar da ruwa ya iske Kawu yana salla, har ina ya kai mishi?"

Kawu Halidu ya kafa ido a kan carbinsa.

"Wace rana?" in ji Bakari.

"Ranar da kuka je bakin teku."

Bakari ya juya. "Halidu, da kai muka je? Ni na ɗauka da abokinmu Tsoho ne. To, wa ya sani. Ni dai buhu nake ɗauka a kasuwa, ruwan nan yana can yana haukarshi, ban da lokacinshi."

"Ka manta takalma?" Kawu Halidu ya ce, kafin ya kama bakinsa.

"Takalman wa?"

"Babu komai."

Aka koma zancen kuɗin taki. Kawu Halidu ya tsira, amma bai yi kama da wanda ya tsira ba. Na raka shi gida, a bakin zaure ya tsaya.

"Abin da ya fi komai girma a rayuwata," ya ce a hankali, "mutum guda ya gani, shi ma ya ba Tsoho."

Kwana biyu bai fito hira ba. Na yi zaton wannan karon darasin ya shiga da gaske.

Ranar Juma'a na same shi a gindin itacen bedi, matasa kewaye da shi, muryarsa ta dawo. Yana gaya musu Allah ya nuna masa ƙanƙantarsa har sau biyu, da farko da ruwa, sannan da bakin aboki.

"Ku bincika har Madawa," in ji shi, "in kun samu wanda aka yi wa sau biyu, ku kawo mini shi."