Notuna Huɗu a Kwalin Baba

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da muka raka Baba makwancinsa, kuma har yau 'yar taraktarsa tana garejin gidanmu na Unguwar Rimi, a ɗore kan bulo, cikinta a buɗe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni dai da ya bar wa aikin ban huta ba, kuma in na faɗa muku abin da ya tsare ni sai kun yi dariya. Noti ne guda huɗu.

Baba ma'aikacin gona ne na gwamnati. Da ya yi ritaya, abokansa suka koma zaman majalisa da karatun jarida, shi kuwa ya je ya sayo tsohuwar tarakta a gwanjo, irin ƙaramar nan mai taya biyu da mutum ke riƙe da ita yana bin ta a baya. Da ita yake kaftun lambun bayan gida, inda muka ci tumatir da latas da alayyafo har muka ƙoshi muka raba wa maƙwabta. Umma ta sa mata suna Mai Tari, saboda ba ta tashi sai ta yi kakarin da zai kori kajin unguwa.

Yana da tsarinsa na aiki, kuma ba ya sauka daga kai. In zai kwance inji, sai ya samo faffaɗan kwali, ya zana siffar injin a jiki, ya huhhuda shi da ƙusa. Duk notin da ya kwance, sai ya wanke shi a kananzir, ya ɗaga shi a rana yana duba haƙoransa, ya mirgina shi a kan gilashi ya ga ko ya lanƙwashe. In ya yi masa, ya soke shi a hujinsa na kwali, don ranar ɗauri kowane ya koma ramin da ya fito. In bai yi masa ba, ya wurga shi cikin wani gwangwani a ƙarƙashin benci, ba ko waiwaye. In ka taɓa kwalin nan, ranar za ka san Baba yana da murya.

A shekararsa ta ƙarshe ya kwance Mai Tari gaba ɗaya, wai zai mayar da ita sabuwa kafin rani. Yana cikin aikin ciwo ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya kama hannuna, ni ne babban ɗansa, ya ce, "Mai Tari fa, ka ƙarasa mini ita." Na ce in sha Allahu, Baba. Wallahi a lokacin na ɗauka aikin mako guda ne.

Da Umma ta fita takaba na gaya mata zan kawo makaniki. Umma ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "kai". Ta ce, "Kai, na yarda, amma da kayansa. Abin da Babanku ya jera a kwalin nan, shi za a mayar. Ba a sa mata baƙon ƙarfe." Ban ga wata matsala ba. Tun daga lokacin kuma ta ɗora wa kanta wani aiki: duk safiyar Juma'a sai ta shiga garejin da tsumman da ta yanka daga tsohuwar rigarsa, ta zare notunan ɗaya bayan ɗaya, ta shafa musu mai don kada su yi tsatsa, ta mayar da kowane gurbinsa.

Na ɗauko Malam Sabi'u daga Abakpa, wanda ya saba da irin waɗannan injuna. Ya yaba tsarin kwalin, ya haɗa komai tsaf. Muka juya hannun tayar da ita, ta yi tarinta, ta kama! Umma ta fito bakin ƙofa ta tsaya. Ba a jima ba muka ji wani huci, ruwa ya soma tsattsafowa ta gefen kan injin, Mai Tari ta mutu. Malam Sabi'u ya ce duk sauran notunan lafiyarsu ƙalau, sun ma fi na yanzu ƙarfe, amma guda huɗun da ke danne kan injin sun gama aiki. Zafi da ɗauri sun miƙar da su, ko an ɗaure ba sa riƙewa, kuma in aka matsa, ɗaya zai iya karyewa a ciki ya lalata injin gaba ɗaya. Sababbi suna nan a kasuwar Panteka.

Umma ta ce a'a. Ta kuma sa aka sake kwance komai aka mayar kwali yadda yake. Bayan shekara biyu na lallaɓe ta muka sake gwadawa da tsofaffin, aka maimaita abin da ya faru. A karo na uku Malam Sabi'u ya ce ya rantse ba zai sa hannunsa ya kashe injin marigayi ba.

To ga ni nan. Uba ya ce ka ƙarasa, uwa ta ce ba da sabon ƙarfe ba, ƙarfen kuma ya ce shi ya gaji. Ƙanwata Bilki, wadda ba ta da haƙurin irin wannan, ta ce, "Yaya, kai ma da wani abu! Ka musanya su a ɓoye mana, wa zai sani?" Wa zai sani? Matar da ta san kowane noti da tafin hannunta fiye da yadda ta san lambar wayata? Kuma ko ba za ta gane ba, ni ba zan cika alkawarin mahaifina da yi wa mahaifiyata ƙarya ba. Sababbin na saye su tuni. Suna cikin motata a ƙunshe a takarda, ina yawo da su Kaduna kamar mai laya.

Nakan tsaya a garejin in tambayi kaina abin da Baba zai ce da wannan zamani. Yanzu makaniki ba ya duba noti, watsar da shi yake ya rubuta maka sabo, sabon kuma wani lokaci ka ɗora sifana ya murɗe kamar alewa. Na san zai yi tsaki har a ji shi a titi. Amma na san kuma ba bautar tsohon ƙarfe yake ba. Mutum ne mai son abu ya yi aiki. Da zai leƙo ya ga lambunsa ciyawa ta kai gwiwa, benayen maƙwabta sun tare masa hantsi, taraktarsa kuma tana kwance saboda ana girmama shi, ina jin da ni zai fara.

A ƙarshen daminar bara na zauna da Umma wata Juma'a tana shafe-shafenta. Da ta zo kan huɗun nan sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Waɗannan ni na sa su. Hujinsu a buɗe ya bari. A gwangwanin ƙarƙashin benci na tsince su."

Na ce, "Umma, ai gwangwanin nan na waɗanda ya yar ne. Shi da kansa ya ƙi su. Sababbi ya yi niyyar saye!"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai za ka gaya mini? Tun kana goye nake share masa wurin aiki. Na san na shara ne. Su ya kwance ƙarshe, ranar da jiri ya ɗebe shi. Da giris ɗin hannunsa a jiki na same su."

Na ce to ta riƙe su a wurinta, a kwalin, har abada, mu sa sababbi a injin. Ga alkawari ya cika, ga abin tunawa a hannunta. Na ɗauka na kawo dabara. Sai ta dubi kwalin, ta ce, "In ka ɗaure, duk sauran su shige ciki, kwalin ya zama fanko. Yanzu in na shigo nan, sai in ga kamar masallaci ya tafi, zai dawo ya ci gaba. In ka gama aikin nan, shi ma ya gama."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, shekaru ina zargin ƙarfe ashe ba ƙarfe ba ne. Kuma tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita.

Mutane in suna tuna mamaci sukan lissafa abin da ya bari. Baba ya bar mini ido na duba abu kafin in yar ko in riƙe, kuma da wannan idon na san hukuncinsa a kan notunan nan, tunda da hannunsa ya yanke shi. Ya bar wa Umma aikin da bai ƙare ba, shi take rayuwa a ciki. Ni kuma na gane ranar da zan samu ikon cika masa alkawari, na san kuma wace rana ce, ita ce ranar da ba wanda zai shiga garejin da tsumma da safiyar Juma'a. Kullum ina roƙon Allah Ya nisanta ta.

Ka yi haƙuri, Baba. Notunan suna mota, Mai Tari tana kan bulo, jibi kuma Juma'a ce, Umma ta ce in taho mata da mai.