Muryar Kawu Tana Cikin Faifai

Jiya a kasuwar Yelwa na ci karo da siririn batirin da marigayi Kawu ya sha nema wa rakodarsa. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Kowa ya koma waya, shi yana manne da 'yar rakodarsa ta minidis, mai ƙananan faifai cikin gidan roba. Wata safiya a bakin ruwan Wara, ga ƙarnin kifi, masunta na jan taru, rakodar na ɗauka, na fara surutu. Ya ce, "Yi shiru, ɗiyata, ruwa shina magana."

Na sa wa rakodar batirin, ta ƙi tashi. Masu gyara sai jujjuya ta suke. Faifan na hannuna, muryarsa na ciki.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa ni da mai gyara.